Yafiyar da Na Yi a Bakin Danja

Bilkisu 'yata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar mai tafiya, ko da yake har yanzu bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, ina ma jin ƙarar akwatin da kike ja. Allah ya kai ki Greensboro lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya sa aikin jinyar da kika samu a can ya zame miki alheri, ke da marasa lafiyar da za su shigo hannunki.

Na san za ki ce, "Mama, wasiƙa kuma, muna gida ɗaya?" Eh, wasiƙa. Duk ranar da na buɗe baki zan yi miki doguwar magana, sai ki ce mini "Oke, Mama," idonki na kan waya, kuma na daɗe da gane cewa oke ɗinki ba amsa ba ce, sallamata kike yi cikin ladabi. Takarda kuwa ba a ce mata oke. Da Hausa na rubuta, da gangan. Ki nemi wuri ki zauna ki karanta da bakinki, ko da kina tuntuɓe. Kada ki ba waya ta juya miki zuwa Turanci, don ita ba ta san inda nake wasa da inda nake faɗa ba.

Maganar mota ce. Babanku ya ce ki tafi da ita, ni na ce a dakata, tun ranar kike gaishe ni a daƙile. Kin ɗauka rowa nake yi, ko ban yarda da tuƙinki ba. Haba! Tuƙinki ya fi nawa, ya ma fi na babanku, amma wannan ki bar shi tsakaninmu. Ba hannunki nake tsoro ba, Bilkisu, bakinki nake tsoro.

Ki tuna ranar Asabar ɗin da muka je sayen nama da kayan miya. Mun tsaya a bakin titi, har kin kashe mota, sai ga wani mutum ya yo baya-baya ya gogi ƙofarmu, ƙiiit. Kafin in gama innalillahi kin fita, hannu a ƙirji, kina ta "sori, sori." Mutumin da ya fito a tsorace, da ya ga ke ce mai ba da haƙuri, sai ya gyara tsayuwa, ya ɗaga miki hannu irin na wanda ya yi afuwa, ya ja motarsa ya ƙara gaba. Ba ki ɗauki lambarsa ba, ba ki yi hoto ba, ke da ko tuwo aka ajiye miki sai kin yi masa hoto kafin ki sa hannu. Motarmu a tsaye take fa! Da na yi magana kika ce mini da Turancinki wai ɗan karce ne, ba komai. Ban ƙara cewa uffan ba har gida, kika zaci fushi nake. Ba fushi ba ne. Kaina na gani a tsaye a bakin titin nan.

To, bari in ba ki labarin da ban taɓa ba ki shi daga tushe ba.

Kina ƙarama, ba ki ma fara makaranta ba, ina sana'ar abincin biki da suna. Ke ƙarshenta kawai kika tarar, shi ya sa kike ganin kamar cika baki nake in na ce an san ni. A lokacin, a nan New York, daga unguwar Morris Heights har Park Hill, duk wanda matarsa ta haihu, in dai yana so baƙinsa su tafi suna yaba shi, ni zai nema. Waina, sinasir, funkaso, miyar taushe wadda sai an lashe kwano. Ina da wata tsohuwar farar mota mai ƙofar zugewa, wadda babanku ya sa wa suna Amarya, wai don sai an lallashe ta take tashi.

Wata Lahadi da hantsi na ɗauko abincin suna, kuloli cike fal, na hau titin Grand Concourse. Danja ta tsayar da ni. Ina zaune ina tunanin ko wainar za ta isa, sai ji na yi gwaram ta baya! Kaina ya yi gaba ya dawo baya. Murfin kular miya ya yi tsalle, taushe ta wanke kujeru, har gilashin gaba sai da ta yi wa ado. Kin san abin da ya fara fita daga bakina? Ba "wuyana" na ce ba. "Miyata!" na ce.

Wanda ya buge ni wani mutumin Maraɗi ne mai sayar da huluna da agoguna a bakin titi, Malam Isuhu. Eh, Baba Isuhu ɗinki, wanda ya ba ki agogon da ke hannunki ranar da kika gama makaranta. Rufe bakin, kada ƙuda ya shiga. A ranar na fara ganin sa. Ya fito, da ya ga fuskata da shigata sai ya ɗora hannu a ka.

"Wayyo, 'yar'uwa ce ma! Hajiya, mi na aikata haka? Wallahi burki ne ya ƙiya. Ki yi mini gafara don Allah."

Jin Hausa a bakinsa kawai, rabin fushina ya zube. Kin san unguwar nan, kafin ƙiftawar ido mutanenmu sun taru, masu shaguna da masu wucewa, kowa da abin da ya gani, har wanda ya iso daga baya. Wani dattijo mai farin gemu ya karɓe maganar kamar an naɗa shi alƙali.

Ya ce, "Hajiya, mu ya mu ne. Kada a kira 'yan sanda a tona wa ɗan'uwa asiri, kuɗin inshorarsa ya hau, ga shi da iyali. Zai gyara miki mota, ni ne shaida. Ke dai lafiyarki ƙalau ko?"

Na juya wuyana dama da hagu, na ji yana juyawa. Sai na gyara mayafi na ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi. Allah ya tsare gaba. Na yafe, duniya da lahira."

Kai, Bilkisu, zo ki ga sa albarka! Wannan ya ce Allah ya ba ni Aljanna, wancan ya ce irin matan da ake nema ke nan. Na koma mota kaina ya kumbura, ina zaune tsamo-tsamo cikin miya amma ji nake kamar an ba ni sarauta. Na kai abincin gidan suna, aka ci waina da yaji da sukari tunda miya ta tafi, na ba da labari aka yi ta dariya.

Ga abin da nake so ki riƙe daga nan. Ranar da aka bugi motarki, Allah ya kiyaye, duk taron da ya kewaye ki, ko da limamai ne zalla, zuwa yamma kowa ya koma gidansa, ke kaɗai za ki kwana da jikinki. Ki kira 'yan sanda su zo su rubuta. Ki yi hoton motarki da tasa, da lambar motarsa, da lasisinsa da katin inshorarsa, da titin kansa. Wanda ya ga abin da idonsa, ki karɓi lambar wayarsa. Wannan ba tonon asiri ba ne, ba kuma rashin imani ba ne. Ki tambayi mutumin ko ya ji ciwo, ki ba shi ruwa in kina da shi, ki yi masa magana mai daɗi, duk na yarda. Amma wane ne mai laifi, wannan ba a yanke shi a bakin titi jiki na rawa. Kuma in an tambaye ki lafiyarki, kada ki ba da amsar gaisuwa. Mu da "lafiya lau" aka haife mu a baki, ko a gadon asibiti aka tambaye mu ita za mu faɗa. Ki ce ba ki sani ba tukuna, sai likita ya duba ki. Ita ce ma gaskiyar.

Malam Isuhu kam ya cika alkawari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya kai Amarya wurin wani bakanike abokinsa, bayan kwanaki aka dawo mini da ita da jar bamba a jikin farar mota. Babanku ya zagaya ta ya ce, "To, Amarya ta sha lalle." Ya haɗo mini da turare, ya haɗo wa babanku da hula. Muka yi godiya, muka ce magana ta wuce.

Wuyana ne bai ji an ce magana ta wuce ba. Washegarin hatsarin na tashi ya sandare. Na ce kwanciya ce ban yi daidai ba. Na shafa man zafi, na gasa da tawul da ruwan ɗumi, na sa wata maƙwabciya ta yi mini tausa har sai da na ga taurari. Babanku ya samo wani garin magani da aka kawo daga gida, wai a kwaɓa da man shanu, na yi ta yawo ina ƙamshin fura. Asibiti kuwa ban je ba. Dalilina na farko tsoro ne, don a lokacin ba mu da inshorar lafiya, kuma kin san asibitin ƙasar nan, ko sannu suka yi wa mutum sai takardar biya ta biyo shi gida. Dalili na biyu shi ya fi ba ni haushi in na tuna. Gani nake in na je asibiti na ce mota ce ta buge ni, na zama mai baki biyu, na yafe a gaban jama'a sannan na zagaya na kai ƙara. Ni da aka sa wa albarka a tsakiyar Grand Concourse? Ina! Sai na ci gaba da ɗaga tukwane da kuloli ina cije baki.

A hankali ciwon ya sauko kafaɗa, ya bi hannun hagu, yatsuna suka fara yi mini kamar ba nawa ba. Wata rana ina juya waina, kaskon gaba ɗaya ya suɓuce mini. Ke kina gefe kina tafi, kin ɗauka wasa nake miki.

Sista Rahila ce ta gano ni, maƙwabciyarmu ta sama 'yar Jos, wadda kike cewa saboda ita kika zaɓi aikin jinya. Muka haɗu a matakala ta dawo daga aiki, ta gaishe ni ta baya, na juyo gaba ɗayana.

Ta ce, "Maman Bilkisu, me ya sami wuyanki kike juyowa kamar an ɗaura miki katako?"

Na ba ta labari tiryan-tiryan, har da ɗan alfaharina, ina jiran ita ma ta sa mini albarka. Sai na ga ta ajiye jaka ta zauna a kan matakala.

"Kin gaya wa kamfanin inshorarki?"

"Inshorata kuma? Ai ba ni na buge shi ba. Shi kuma na yafe masa."

"Ya Ubangiji! Hajiya, a jihar New York ba ruwan maganin wuyanki da Malam Isuhu. Akwai dokar da suke kira no-fault, wato ba a tsayawa neman mai laifi kafin a yi wa mutum magani. Inshorar motar da kike ciki ita ke biyan asibiti da gashin ƙashi da magani, har da wani kaso na abin da kika rasa a sana'a in ciwon ya zaunar da ke. Me kike tsammani kike biyan su duk wata? Sai dai dole ki sanar da su cikin kwana talatin. Yaushe abin ya faru?"

Na shiga lissafi. Tun kafin azumi ne, ga shi mun ci ƙaramar Sallah har an fara maganar ragon layya. Da na faɗa mata, ta dafe kai.

Na ce, "To shi Malam Isuhu, da na sanar da su, me za a karɓa a hannunsa na maganin?"

Ta ce, "Ko kwabo."

Bilkisu, a kan matakalar nan na zauna kusa da ita, ban san lokacin da dariya ta kama ni ba, ina yi ina riƙe wuya. Ashe duk yafiyar nan da na yi, duniya da lahira, ba Malam Isuhu na yi wa ba. Kamfanin inshora na yafe wa! Kamfanin da ko kwana ɗaya na yi jinkirin biya sai ya aiko mini da takarda mai jan rubutu. Shi na tsaya a gaban jama'a na yi wa kyautar wuyana, ko na gode bai ce ba.

Mun gwada duk da haka. Sista Rahila ta ce doka ta bar 'yar ƙofa ga wanda ya makara, in yana da ƙwaƙƙwaran uzuri a rubuce. Ni da babanku muka zauna muna neman uzuri. Ban suma ba, ban kwanta asibiti ba, ban bar gari ba. Babanku ya ce, "To ki rubuta musu cewa ke mutuniyar kirki ce." Kusan abin da muka rubuta ke nan, su kuma suka amsa cikin ladabi cewa sun ji, amma a'a. Wani lauya da muka gani ya ce saura hanya ɗaya, a kai Malam Isuhu ƙara a nemi diyya, ita ma a nan sai raunin ya kai irin babban da doka ta ƙayyade, kuma sai an tabbatar daga hatsarin ya fito. Ina takardar 'yan sanda? Babu. Ina ta asibiti ta ranar? Babu. Ya ce za su ce tukwanen da na yi wata da watanni ina ɗagawa ne suka yi mini, kuma ba shi da abin da zai mayar musu. Ni ma dai ba zan iya kai bawan Allahn nan kotu ba, ko da an ce zan ci.

Da aka yi hoton wuyan, likita ya ce wani abu tsakanin ƙasusuwan ya goce yana danne jijiya, ya yi ta faɗan me ya hana ni zuwa da wuri. Muka yi gashi iya ƙarfinmu, da ƙarfin ya ƙare muka tsaya a tsakiya. Sana'ar abinci kuwa sai ta riƙa raguwa, daga bukukuwa na koma ƙananan suna, daga nan na rarraba wa mutane manyan tukwanena. Na ji zafin wannan, ba zan ɓoye miki ba, don ina son sana'ata. Ku kuka tashi kuna cewa tukwane ne suka ɓata wa Mama wuya, ni kuma na bar ku a haka don ya fi sauƙin faɗa.

Malam Isuhu da labari ya kai masa, ya zo har gida ya zauna a ƙasa yana hawaye. Ya ce, "Hajiya, da na san haka doka take, da ni zan ɗauke ki in kai ki asibiti da kaina." Shi ma bai sani ba. Dattijon nan mai farin gemu ma bai sani ba. Dukanmu alheri muka nufa, da dokar garinmu a kai, a garin wasu. Saboda haka in kin je yi wa Baba Isuhu sallama, kada in ji kin canza masa fuska. Shekara da shekaru bai taɓa bari na ɗauki kaya mai nauyi a gabansa ba.

Ke kuma, ranar da abu ya faru, a ranar za ki ga likita, ko da kina jin za ki iya rawa. Ke nas ce, kin fi ni sanin cewa jiki na ɓoye ciwo ranar farko, amma na lura ku masu aikin asibiti kun fi kowa gudun a duba ku. A ranar kuma za ki kira kamfanin inshorarki ki faɗa musu. Yafiya tsakaninki da mutum ce da Allah. Inshora kuwa haƙƙinki ne da kika saya da guminki, karɓarsa ba ya rage miki lada.

Yanzu ga inda maganar ta fi tsaya mini a rai. Da a New York za ki zauna, da tuni na miƙa miki makulli, don a nan ko kin yi sori ɗinki, inshorarki za ta kai ki asibiti. Amma ni da maciji ya sara sau ɗaya, ban yarda in ɗauka cewa dokar nan ita ce ta ko'ina ba. Makon jiya da kika ga na ci ado na fita da Sista Rahila, kika ce ko biki za mu ba a gayyace ki ba, wurin lauya muka je. Na ce masa 'yata za ta koma jihar North Carolina, inda Greensboro take, da mota, ya faɗa mini yadda abin yake a can, kuma a hankali, don ni ba a yi mini Turanci da gudu.

Ya ce a ƙasar nan kowace jiha da tata dokar. Can babu no-fault. Wanda ya yi laifi, inshorarsa ce ke biya, su kuma ba sa sakin kuɗi sai sun gama bincikensu, ko da mutum yana kwance. Sannan ya faɗi abin da ya sa na gyara zama. Ya ce a nan New York, in aka ga kina da ɗan laifi, rage miki diyya ake yi gwargwadonsa. A can kuwa, in suka iya nuna kina da laifi ko ƙanƙani ne, suna iya hana ki komai da komai, ko da ɗayan ne ya yi babban gangancin.

Na ce, "To yarinyar da ake bugewa tana tsaye, ta fito tana ba da haƙuri fa?"

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Ki gaya mata ta daina."

To na gaya miki, ga shi a rubuce. Ya kuma ce bayan hatsari kamfanin inshorar ɗayan zai kira ki, da murya mai daɗi, a tambaye ki ya jiki, ana naɗar maganar. Wannan mai kiran ba ƙawarki ba ce, aikinta take yi. Kada ki zauna kina ba ta labari kamar yadda kike yi da ƙawayenki har waya ta yi zafi. Ki ce za ki nemi shawara tukuna, ki ajiye.

Sauran abin da ya faɗa Sista Rahila ta tuna mini a jirgin ƙasa na layin D muna dawowa, don kaina ya cika. In kin sauka, ki mayar da rajistar motar da inshorarta can, kada ƙiwa ta sa ki bar su da adireshin gidan nan. Inda mota ke kwana, shi za ki faɗa musu. Kin san mutanenmu nawa ne a unguwar nan ke yawo da lambar mota ta jihar Pennsylvania, da adireshin wani ɗan'uwa da ko ƙofar gidansa ba su sani ba, don araha? Suna murna har ranar da aka yi karo, kamfani ya bincika ya ce an yi masa ƙarya, ya janye hannunsa. Babanku ma ya taɓa shigowa da wannan dabarar yana murmushi, kallo ɗaya na yi masa ya mayar da ita inda ya samo. Kada kuma ki soke inshorar nan kafin ki mayar wa New York lambar motarsu, in ba haka ba sai su dakatar miki da rajista, har lasisi suna iya taɓawa. In kin zo sayen ta can, akwai wani ƙari da ke biyan asibiti ko wa ke da laifi. Ba dole ba ne a can, shi ya sa masu son araha ke tsallake shi. Ke ki saya, ko da za ki rage shan kofin nan naki mai tsada da rabinsa ƙanƙara ce. Ki kuma tambaya a ƙara miki wanda ke tsaya miki in wanda ya buge ki ba shi da inshora, ko tasa ba ta kai ba. Ni dai ba lauya ba ce, kuma doka na canzawa, saboda haka in kin isa ki sake tambaya, ki sa a maimaita miki har ki gane. Kunyar tambaya ba ta taɓa biya wa kowa asibiti ba.

An ce mini Greensboro cike take da mutanenmu, musamman 'yan Nijar, kuma na ji daɗin haka, ba za ki rasa mai kawo miki fura in kin yi zazzaɓi ba. Ki gaishe su, ki girmama su, ki je sunansu da ta'aziyyarsu. Amma ki sani a can ma akwai dattijo mai farin gemu da zai ce miki mu ya mu ne. Zuciyarsa fara ce, ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce, "Baba, ka yi haƙuri, Mamata ta hana ni." Ki ɗora mini laifin, na iya ɗauka.

Kada ki ce Mama ta warware tarbiyyar da ta yi miki. Ni na koya miki ba da haƙuri, ni na koya miki yafiya, kuma ina alfahari da ke a kan haka fiye da takardar makarantarki. Ban ce ki daina ba. Jeri kawai na canza miki: kiran 'yan sanda tukuna, hoto, likita, inshora. In kin gama waɗannan, ki yafe wa duk wanda kika ga dama, duniya da lahira, har ki kai masa waina gida in kin iya yin ta, abin da har yau ban gani ba.

Saura abu ɗaya, shi kuma ko babanku bai sani ba. Shekarar da kika fara Islamiyya, wata rana na je ɗaukar ki, Malamarku ta ja ni gefe tana dariya. Ta ce, "Maman Bilkisu, wa ya koya wa yarinyar nan sallame salla? Dama tana juya kai daidai, amma hagu sai ta juya da kafaɗa da ƙirji gaba ɗaya. Na gyara mata, ta ce a'a, haka Mamanta take yi, kuma Mamanta ba ta kuskure." Na taya ta dariya sosai. Na riƙe hannunki muka fito, muka shiga jirgi, kina ta ba ni labarin alewar da aka raba muku, ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska, hawaye na zuba har muka sauka. Yarinya wuyanta lafiya lau, amma ta tsaya a bayana ta kwashe ciwona ta ɗauka ibada ce. Har yau, in kina sauri, ina ganin kafaɗarki ta hagu tana bin kanki, ke ba ki ma sani ba.

Shi ya sa na riƙe motar, ba don komai ba. Ni waina ce sana'ata, da wuya ya ƙi na rufe kasko na zauna, kuna kusa da ni. Ke marasa lafiya za ki riƙa ɗagawa da juyawa, a garin da ba ni, ba Sista Rahila a matakala. Yanzu na faɗi abin da ke raina, kin kuma karanta har nan da Hausarki mai tuntuɓe, na san ba za ki iya cewa ba ki ji ba. Ki tafi da motar, na amince da zuciya ɗaya.

Allah ya raka ki, ya tsare gabanki da bayanki, ya kau da mai gaggawa da mai barci daga hanyarki. Ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa ki fi su kirki. Allah ya yi miki albarka, Bilkisu, ya sa duk sallar da za ki yi a can ki sallame ta da wuyanki, dama da hagu, har tsufanki.

Wassalam,

Mamanki